Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Madogara da Manazarta a Maƙalar da Za a Tura wa Mujalla

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga 'yan'uwa Hausawa masu karatun majistir da daktora a jami'o'in Saudiyya, tun daga masu Shari'a da Hadisi a Madina da Ummul Ƙura har masu likitanci da injiniyanci a Jidda, Riyad da Zahran. Yawanci suna tasowa ne idan sashe ya ce sai an buga maƙala kafin a sa ranar munaƙasha, wato zaman kare risalar digiri, ko idan edita ya dawo da aiki tun bai kai shi gaban masu tahkimi, wato masanan da ke tantance maƙala, ba. Inda na ce kai, har da ke nake, 'yar'uwa.

Mene ne bambancin madogara da manazarta?

Aikinsu ɗaya, mazauninsu ne daban. Madogara ita ce alamar da kake sawa daidai inda ka ɗauko magana: sunan marubuci da shekara cikin baka, kamar (Last, 1967), ko lamba, ko bayani a hamish, wato ƙasan shafi. Manazarta kuwa jerin nan ne na ƙarshen maƙala, wanda malamanmu a nan ke kira masadir da maraji'i, inda ake kawo cikakken bayanin kowane aiki.

Duk abin da ka ambata a ciki dole ya fito a jerin, duk abin da ke jerin kuma dole ya zama ka ambace shi a ciki. Littafin da ka karanta ya ƙara maka fahimta amma ba ka kafa hujja da shi ba, ba shi da gurbi a jerin maƙala. Alƙur'ani da hirar baka suna da nasu hukunci, yana tafe a ƙasa.

Malam, wannan ba wahalar da kai ba ce kawai? Ina ruwan ilimi da waƙafi da ruwa biyu?

Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Mu da aka rena a kan wannan tarbiyya, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu jingina magana ga mai ita ba. Madogara kwatance ce. In ka kwatanta wa baƙo gida a Makka, ka faɗi unguwa ba ka faɗi layi da ƙofa ba, ka bar shi yana gararamba a rana. Awon da nake so ka riƙe a duk amsoshin nan shi ne: mai karatu a Kano ko Alƙahira, wanda bai san ka ba, zai iya ɗaukar abin da ka rubuta ya je ya ɗora yatsa a kan layin da ka gani?

Akwai kuma dalili na zamani. Rumbunan tattara bayanan maƙaloli irin su Scopus da Web of Science na'ura ce ke karanta musu jerin manazarta. Idan suna ya karkace ko lambar juzu'i ta ɓata, na'urar ba za ta gane aikin ba, ba za a lissafa wa mai shi ba. Mujalla da wannan lissafi take samun daraja, shi ya sa edita ba ya ɗaga ƙafa.

Wane salo zan bi?

Wanda mujallar ta ce. Ba wanda ka saba da shi ba, ba kuma wanda mushrif ɗinka, malamin da ke duba bincikenka, ya fi so ba. Kafin ka taɓa komai, sauke ƙa'idojin bugawa daga shafin mujallar, ka haɗa da maƙaloli biyu daga fitowarta ta baya-bayan nan, ka ajiye su a gefe kana kwaikwayo.

Salon APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ne, bugunsa na 7 ya fito a ƙarshen 2019, shi ya fi yawa a fannin tarbiyya da ilimin zamantakewa, suna da shekara yake amfani da su. Chicago iri biyu ne, mai hamish da mai suna da shekara. Bugu na 17 ya fito a 2017, na 18 a 2024. Mai hamish ɗin ne ya fi dacewa da masu Shari'a da tarihi, shi ne kuma mujallar ilimin Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina take bi. Vancouver na likitoci ne, asalinsa taron da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a wannan birni na Kanada a 1978, lambobi yake jerawa bisa yadda aka ambace su. Injiniyoyi kuma IEEE, lamba cikin baka mai kusurwa. Idan aka ce maka Harvard, nemi misalin mujallar da kanta, don wannan salo ba shi da littafi guda da kowa ke komawa gare shi, kowace jami'a da nata.

Daga risalata na ciro maƙalar. Zan iya barin hamish ɗin yadda yake?

A'a. Risala tana bin littafin ƙa'idojin kwalejinku, mujalla tana bin nata. Abin da ya fi cutar da masu ciro maƙala daga risala shi ne "almarji'us sabiƙ" da ibid, wato "littafin da ya gabata". A risala yana nuni ne ga littafin da ke samansa. Da ka yanko babi ka sake jera shi, sai ya koma nuni ga wani littafi daban, kai ba ka sani ba. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka mayar da sunan marubuci da taƙaitaccen take. Chicago ma tun bugu na 17 wannan hanya ya fifita.

Sannan ka tace jerin. Maƙala mai shafi talatin ba ta ɗaukar manazartar risala mai shafi ɗari biyar.

Aikin yana da marubuta da yawa. Duka zan rubuta?

A APA na 7, idan sun kai uku, sunan na farko kawai za ka sa a cikin rubutu sai et al., wato "da sauransu", tun daga ambato na farko. Da Larabci "wa akharun". A jerin ƙarshe kuwa ana rubuta har mutum 20. Mujallun Vancouver da yawa shida na farko suke kawowa sannan et al. A IEEE, idan sun wuce shida sai a tsaya a kan na farko. Kada ka sake jera sunayen bisa haruffa ko bisa girma, bar su yadda suka zo a kan aikin.

Yaya ake kawo ayar Alƙur'ani?

Sunan sura da lambar aya, nan take bayan ayar, a cikin rubutu. Mujallun Larabci na nan sukan so rasmin Usmani, wanda ake kwafowa daga manhajar Mus'hafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad. Kada ka buga aya da hannu daga hadda, komai ƙarfin haddarka.

Ga wani wuri da ya shafe mu musamman. Da yawanmu da Warshu muka yi allo, kuma ƙidayar ayoyi a mus'hafin Warshu ba ta zo daidai da ta Hafsu ba: Hafsu 6236, Warshu 6214, Baƙara aya 286 ce a Hafsu, 285 a Warshu. Mujallun Saudiyya ƙidayar Hafsu suke ɗauka. Idan bahasinka a kan Warshu yake, faɗi haka a hamish na farko. Idan kuma fassara ka kawo, ambaci mai fassarar da bugun, misali tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, domin lafazin fassara nasa ne. Chicago ba ya buƙatar Alƙur'ani a jerin ƙarshe, APA na 7 kuwa yana sa bugun da aka yi amfani da shi.

Hadisi fa? Ya isa in ce Bukhari ya ruwaito?

A kan mumbari ya isa, a mujalla bai isa ba. Ana son littafin hadisin, da kitabi, da babi, da lambar hadisi, da juzu'i da shafi na bugun da ke hannunka. Hadisin niyya, alal misali, yana Bukhari a Kitabu Bad'il Wahyi, lamba 1, yana kuma Muslim a Kitabul Imara, lamba 1907 a ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Ka lura na faɗi mai ƙidayar. Lambobin Bukhari a ƙidayar Abdulbaƙi sun kai 7563, amma bugun Mustafa Dib al-Bugha wata ƙidaya yake bi, saboda haka lamba ɗaya tana iya kai mutum ga hadisai biyu mabambanta. Kitabi da babi su ne ba su cika canjawa daga bugu zuwa bugu ba, shi ya sa ba a barin su ko da an kawo lamba.

Idan hadisin ba ya cikin Bukhari da Muslim, faɗi hukuncinsa da wanda ya yanke hukuncin da inda ya yanke shi. "Albani ya inganta shi" ba tare da sunan littafi da lamba ba, rabin magana ce. Kada kuma ka yi takhrijin hadisi, wato fito da asalinsa, daga littafin fiƙihu ko daga manhajar waya. Malaman fiƙihu sau da yawa da ma'ana suke kawo shi, kai kuma ka sa shi cikin alamar zancen wani ka jingina wa Abu Dawuda lafazin da ba nasa ba. Wannan na cikin abubuwan da mai tahkimi na fannin Hadisi yake fara dubawa, kuma yana da gaskiya, domin magana ce ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Daga Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, na samo nassin. Ita zan ambata ko littafin?

Littafin. Amma buɗe katin bayanin littafin a cikin Shamilar tukuna. In an rubuta cewa lambobinsa sun dace da bugaggen littafi, kana iya ɗaukar juzu'i da shafi, ka kwafi bayanan bugun daga katin. In an rubuta cewa na'ura ce ta sa lambobin, to waɗannan shafuka babu su a kowane littafi na takarda, kada ka kai su mujalla.

Ko da an ce ya dace, nassin da hujjarka ta rataya a kansa ka gwada shi da hoton bugun ko da littafin kansa. Mutane ne suka buga waɗannan nassoshi da hannu, kalma takan faɗi, "la" guda in ta faɗi hukunci ya juye. Wanda ke Madina yana da laburaren Masallacin Annabi da na jami'a, na Makka yana da na Harami. Ba mu da uzurin da ɗan'uwanmu na gida yake da shi.

Littafin magabata yana da mawallafi da muhaƙƙiƙi, wato wanda ya tace nassin don bugawa, da bugu iri-iri. Me zan rubuta?

Duka. Mawallafi, take, mai tahƙiƙi, bugu na nawa, gari, maɗaba'a, shekara. Mai tahƙiƙi ba ado ba ne, shi ke bambanta bugu da bugu, kuma in maganar da ka ɗauko daga hamish ɗinsa take, shi za ka jingina wa, ba mawallafi ba. Inda bayani ya ɓace daga littafin, akwai alamun da aka sani: د.ت babu shekara, د.ن babu maɗaba'a, د.م babu gari, د.ط babu lambar bugu. Da Turanci n.d. ake sawa in babu shekara. Kada ka ƙirƙiro shekara don cike gurbi.

A salon suna da shekara akwai wata matsala: za a ga kamar malamin da ya rasu ƙarnoni da suka wuce bara ya yi rubutu. APA ya warware ta da shekara biyu, ta asali da ta bugu. Shehu Usmanu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806, Fathi El Masri ya yi tahƙiƙinsa da fassara aka buga a Khartum a 1978, sai ka rubuta 1806/1978. Ka kuma lura APA na 7 ya daina sa garin maɗaba'a, alhali mujallun Larabci suna nan suna nemansa.

Shekarar Hijira ce a kan littafin, mujalla kuma Miladiyya take so.

Rubuta ta Hijira yadda take a kan littafin, ka biyo ta da ta Miladiyya in an nema. Lissafin kusa shi ne ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Sai dai kusan kowace shekarar Hijira tana ratsa shekara biyu na Miladiyya: 1445 ta kama a Yulin 2023 ta ƙare a Yulin 2024. Idan littafin ya kawo duka biyun, kwafi nasa. Idan ta Hijira kaɗai ya kawo, yi amfani da manhajar juya kwanan wata, ka tsaya a kan hanya ɗaya tun daga farkon jeri har ƙarshe.

Edita ya ce in yi rumana. Mece ce, kuma yaya ake yin ta?

Rumana ita ce rubuta manazartar Larabci da haruffan boko, yawanci a jeri na biyu bayan na Larabci. Mujallun jami'o'in Saudiyya da yawa sun wajabta ta saboda rumbunan duniya da muka ambata a sama da haruffan boko suke aiki. Ba fassara ba ce, sautin Larabcin ake rubutawa. Tsarin da aka fi bi shi ne na Laburaren Majalisar Amurka, ALA-LC, sai na mujallar IJMES. Dukansu suna sa layi a kan wasali mai ja, da ɗigo a ƙarƙashin haruffa irin su ص da ط da ح.

Nan ne Bahaushe ke da tarko nasa na kansa, domin mun riga mun saba rubuta Larabci da bokonmu. Mu mukan rubuta Ɗabari da Ƙurɗubi da Usaimin, mu mai da ط ta zama ɗ, ق ta zama ƙ, ث ta zama s, wani lokaci ض ta zama l. A takardar Hausa daidai ne. A rumana kuwa al-Ṭabarī ne, al-Qurṭubī, al-ʿUthaymīn. In ka rubuta da ƙugiya, babu rumbun da zai gane sunan. Haka nan "al" ba ta narkewa a waɗannan tsare-tsare: al-Shāfiʿī ake rubutawa, ko da yake baki ash-Shafi'i yake faɗa.

Akwai shafukan intanet masu yin rumana nan take. Yi amfani da su don rage aiki, amma bi bayansu kalma-kalma, don nassin da ba shi da wasali hasashe suke yi masa, kuma a sunayen mutane suka fi yin ɓarna. Marubucin zamani da ya saba rubuta sunansa da boko ta wata siga, bar masa sigarsa. Idan salon APA ne, bayan taken da aka yi wa rumana ana ƙara fassararsa cikin baka mai kusurwa.

A wane harafi zan jera masu al da Ibn da Abu?

Ba a lissafa "al": al-Ṭabarī yana ƙarƙashin T. Ibn da Abu kuwa an saɓa. Jerin Larabci da yawa yana tsallake su, Chicago a jerin boko yana lissafa su, sai Ibn Kathīr ya faɗa ƙarƙashin I. Dubi fitowar mujallar ta baya ka ga wanda take bi. Ka fara da sunan da malami ya shahara da shi, sannan sunansa na yanka da na mahaifinsa. Inda shuhura ta haɗa mutum biyu, raba su: Ibn Hajar al-Asƙalani ya rasu a 852 Hijira, Ibn Hajar al-Haitami a 974, ba mutum ɗaya ba ne.

Sunayen Hausawa fa, tunda ba mu da sunan dangi irin na Turawa?

Ɗauki sunan ƙarshe yadda marubucin ya sa a kan aikinsa. Ibrahim Yaro Yahaya zai zama Yahaya, I. Y. In sunan gari ne a ƙarshe, shi ne: Sa'adu Zungur zai zama Zungur, S. Malam da Alhaji da Sheikh da Farfesa duk ba sa shiga jeri. Na san yana yi wa ɗalibi nauyi ya rubuta sunan malaminsa tsirara, amma girmamawar da jeri ke iya yi wa malami ita ce a rubuta sunansa daidai yadda za a same shi. A cikin jimlolinka kana da damar kiransa da laƙabinsa.

Malaman jihadi sunansu yana zuwa da siga da yawa: Ibn Fūdī, Ibn Fodiye, dan Fodio. Bi abin da ke kan bugun da ka yi amfani da shi. Idan ka kawo Shehu da ƙaninsa Abdullahi a maƙala ɗaya, sa harafin farko na sunan kowanne a cikin rubutu don kada su cakuɗe.

Ni kaina sunana daban yake a fasfo, daban a iƙama, wato katin izinin zama, daban a takardun jami'a.

Zaɓi siga ɗaya ta boko da ɗaya ta Larabci tun daga maƙalar farko, kada ka sake canjawa. In ba haka ba ayyukanka za su rarrabu kamar na mutum uku, ranar neman ƙarin girma ka rasa yadda za ka tattaro su. Buɗe ORCID, kyauta ne, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin ka duk inda ka koma, mujallu da yawa ma suna tambayarta wajen tura aiki.

Yaya zan kawo rubutun hannu ko takardar ajami da na ɗauko hotonta daga gida?

Mawallafi, take, inda ake ajiye da shi, sunan tarin, lambar rajista, sai lambar waraƙa da fuskarta, a ko b, domin rubutun hannu da waraƙa ake ƙidaya shi ba da shafi ba. In daga Gidan Arewa na Kaduna ne, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kwafi lambar yadda suka rubuta ta, harafi da harafi. In an san mai kwafe da shekarar kwafewa, ƙara su.

Da yawan takardunmu suna hannun iyalai ne, a cikin gafaka ko adaka, babu lamba. Wannan ba ya hana kafa hujja da su. Rubuta cewa yana cikin tarin iyalan wane a gari kaza, bayan ka nemi izininsu, ka faɗi adadin waraƙu da farkon nassin da ƙarshensa, ka ce hotonsa yana wurinka. Taken Hausa kuma a bar shi da Hausa da ƙugiyoyinsa, a biyo shi da fassara. Nan ƙ da ɗ da ɓ suna da haƙƙin zama, saɓanin abin da muka faɗa a kan rumana. Duba su da kyau a gwajin bugu, don wasu nau'o'in rubutu suna mai da su akwati.

Hira da dattijo, karatun malami a YouTube, da sautin WhatsApp, suna shiga?

Hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba, APA a cikin rubutu kawai yake ambatonta, da suna da cikakken kwanan wata, ba ta shiga jeri. Masu tarihi a hamish suke kawo ta, da wuri da rana. Idan mutanen da ka yi hira da su mahalarta bincikenka ne da ka yi wa alkawarin sirri, kada sunansu ya fito ko'ina.

Bidiyon YouTube yana shiga: mai tashar, ranar ɗorawa, take, adireshi, da mintin da aka yi maganar. Sautin da ke yawo a WhatsApp ba madogara ba ne, ba a san ranar da aka yi shi ba, ba a san abin da aka yanke ba. Nemo asalinsa. Fatawa kuma in tana cikin bugaggen littafi, kawo ta daga can.

Ban ga littafin ba, a wurin wani na ga an ambato shi. Zan iya sa shi kai tsaye?

Gani ya kori ji. In ka sa shi kai tsaye ka yi shaidar abin da ba ka gani ba, kuma kuskuren wancan ya zama naka. Nema tukuna: ɗalibin jami'ar Saudiyya yana shiga Laburaren Dijital na Saudiyya da lambarsa ta jami'a, Darul Manzuma kuma cike take da risaloli da maƙalolin Larabci. In ya gagara, faɗi gaskiya: "naƙalan an" wane, ko as cited in. A APA wanda ka karanta ne kaɗai ke shiga jeri.

Mece ce DOI, dole ce?

Lamba ce ta dindindin da ake ba maƙala, kullum da 10 take farawa, ko shafin mujalla ya ƙaura tana kai mutum ga aikin. In aiki yana da ita, sa ta. APA na 7 yana son ta da https://doi.org/ a gabanta. In babu, ba a ƙirƙira. Shafin Crossref yana nemo ta kyauta. Danna kowace ɗaya kafin ka tura, ka tabbata inda ta kai ka nan ne kake nufi, ka kuma duba ko an janye maƙalar. Wannan ya fi shafar masu likitanci, kuma Zotero, manhajar tsara manazarta, yana yin gargaɗi a kan ayyukan da aka janye.

Zotero, Mendeley ko EndNote?

Kowanne ya yi. Zotero kyauta ne, shi nake ba ɗalibin da ke rayuwa a kan mukafa'a, wato alawus ɗin jami'a, shawara. EndNote na kuɗi ne sai in jami'arku ta saya muku. Amfaninsu babba shi ne in mujalla ta ƙi aikinka ka koma wata, cikin ɗan lokaci za ka juya salo. Amma abin da ka zuba musu shi suke fitarwa. Bayanan da ake saukewa daga Google Scholar sukan zo da suna a juye ko shafi a ɓace, gyara su tun a cikin manhajar.

Da littattafan Larabci na magabata ba su cika ƙwarewa ba, don ba a gina su a kan Hijira da tahƙiƙi ba. Masu Shari'a da yawa da hannu suke ƙarasa hamish. Idan Larabci da boko suka haɗu a layi ɗaya a Word, baka da ɗigon ƙarshen jimla sukan yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Raba jerin biyu, ka saita alƙiblar kowane sakin layi, na Larabci daga dama, na boko daga hagu, sannan ka mai da shi PDF ka duba da ido.

Zan iya sa ChatGPT ya haɗa mini manazarta?

Kada ka karɓi madogara daga gare shi. Irin waɗannan manhajoji suna iya ƙago take da marubuci da DOI, su fito tsaf, alhali babu aikin a duniya; suna iya jingina wa malami maganar da bai yi ba har da juzu'i da shafi. In mai tahkimi ya kama guda ɗaya, ya daina yarda da sauran, kuma sunanka ne a kan takardar. Abin da ka riga ka karanta kana iya ba shi ya gyara masa waƙafi, sannan ka gwada da asali. Mujallu da yawa yanzu suna neman a bayyana in an yi amfani da su, ba sa kuma karɓar su a matsayin marubuci.

Ina so in ambaci aikina na baya, amma tahkimin na sirri ne.

Ambace shi kamar na wani: "wane ya nuna", ba "na nuna a bahasina" ba. Wasu mujallu suna so a cire sunan gaba ɗaya har sai an karɓa, duba ƙa'idarsu. Goge sunanka daga bayanan fayil ɗin ma. In kuwa ka kwaso sakin layi daga aikinka da aka buga ba ka ambata ba, manhajar gano kwafe irin Turnitin ko iThenticate za ta nuna shi, kuma laifi ake ɗaukarsa.

Mai tahkimi ya ce in ƙara wasu ayyuka da ban ga alaƙarsu da bahasina ba.

Karanta su tukuna, wataƙila ya hango abin da ba ka hango ba. Wanda ya dace ka sa, ka gode masa. Wanda bai dace ba, rubuta wa edita cikin ladabi ka faɗi dalili. Ba a tilasta wa marubuci ambaton abin da bai amfane shi ba. Shawarci mushrif ɗinka kafin ka aika amsar, ya fi ka sanin mutanen fannin.

Na gama gyaran masu tahkimi. Sai in tura?

Tsaya ka sake bin madogara daga farko, domin gyara ne ke rikita su. A Vancouver da IEEE, madogara ɗaya da ka cusa a tsakiya tana ture duk lambobin da ke bayanta. In da hannu ka jera, sai ka sake ƙidaya har cikin jadawali da bayanin hotuna. A salon hamish, in ka goge sakin layin da ke ɗauke da ambato na farko, cikakken bayanin littafin ya tafi da shi, sai ka mai da shi inda littafin ya fara fitowa yanzu. A APA, sakin layin da aka cire yakan bar suna a jeri ba mai kiransa, kuma in marubuci ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya, duba ko 2020a da 2020b suna nan a mazauninsu. Jerin rumana shi ma a gyara shi tare da na Larabci, adadinsu ya zo daidai.

Buga jerin a takarda, ka karanta maƙalar da biro a hannu kana yi wa kowane suna alama idan ka iske shi. Sannan ka ajiye kwafi ɗaya mai haɗe da Zotero a wurinka, ka cire mahaɗin daga kwafin da za ka tura, don kada lambobin su motsa a kwamfutar edita.